Agogon Ruwa a Gidan Mai Famfo

Akwai mutanen da aka halitta da kunne na musamman, Mai Famfo yana cikinsu. Ko gaisuwa ya je gidan mutane, in ya jiyo ruwa na ɗiga, to hira ta ƙare, sai ya tashi ya nemo inda ke yoyo. A wurinsa duk abin da ke zuba ba da izini ba rashin tarbiyya ne, ko bututu ne ko baki.

Da Autarsa ta samu jami'a ya so ta karanci aikin injiniya, sai ta zaɓi tarihin kimiyya da likitanci da ƙere-ƙere. Ta yi masa bayani cewa ana koyon yadda magabata suka auna lokaci, suka yi fiɗa, suka ɗago ruwa daga ƙasa. Ya ce wato dai karatun kayan da aka zubar. Tun daga ranar bai sake tambayarta komai ba, in ta fara labarin makaranta sai ya ƙara muryar rediyo. Wannan ba hali ne mai kyau ba, amma ba wanda ya isa ya gaya masa.

Wata safiya ya shiga kicin neman ruwan zafi, sai ya ji sautin da ya fi tsana a duniya. Wani bokitin roba ne aka ɗora a kan kujera, yana ɗiga cikin doguwar kwalba da aka zazzana wa layuka. Ya leƙa gindin bokitin, ya ga wani ɗan rami kamar na allura. Ransa ya ɓaci: a gidan mai gyaran famfo a riƙa tarar yoyo da kwalba, kamar maigidan ya mutu. Ya juye ruwan, ya goge wurin, ya ɗiga masa gam mai ƙarfi irin wanda ba ya nuna, ya hura har ya bushe. Ya koma ɗaki yana jin daɗin kansa.

Auta ta fito daga wanka a gaggauce, ta ɗauka Innarta ce ta juye mata ruwan. Ta cusa bokiti da kwalba a buhu, ta yi sallama ta fita.

Sai da rana ta ɗan ɗaga, yana ɗaura takalmi, ya ce wa matarsa nan gaba in bokiti ya huje a gaya masa, ba a tsaya ana ba shi kunya ba. Inna ta ajiye tsintsiya ta tambaye shi wane bokiti.

"Na kicin mana. Na toshe shi."

"Malam, jarrabawar yarinyar nan ka toshe."

Ta zayyana masa. Malamarsu ta sa kowa ya ƙera wani abu na mutanen da, ya kawo aji ya nuna yana aiki. Auta ta zaɓi agogon ruwa, wanda ake auna lokaci da ɗigarsa. Makonni ta yi a ɗakin ƙawarta tana huda bokitai da allura mai zafi, wannan ya yi sauri, wancan ya yi nawa, kafin ta dace da ramin da ya yi daidai. Jiya ta kawo shi gida. In bai yi aiki yau ba ta faɗi darasin, sai baɗi, 'yan ajinsu su gama su bar ta. Inna ta ƙara da cewa duk wannan a gabansa aka faɗe shi, yana sauraron labarun duniya.

Ya kira wayar Auta, a kashe. Ya saɓi jakar kayan aikinsa don hannunsa bai saba fita ba ita ba, ya hau babur.

Bai taɓa taka jami'ar ba. Mai gadi na ganin sifana na leƙowa daga jaka ya buɗe masa ƙofa da murna, ya ce ai tun makon jiya ake jiransa, ya nuna masa hanyar ban ɗakunan maza. Da ƙyar ya kuɓuta. Ya bi dogon baranda yana tambayar inda ake karatun tsofaffin kaya, wani ya tura shi laburare, wata ta tura shi sito, har ya jiyo muryar da ya sani tana fitowa ta wata taga, sai dai ta dishe.

Ya leƙa. Auta na tsaye gaban aji, ta ba bokitin baya. Daga baya ya ji cewa dokar Malama ce: mai agogo zai yi ta jawabi ba waiwaye, sai ruwa ya kai layin ƙarshe wani ɗalibi ya tafa. Kwalba kuwa a bushe take ƙaƙas. Ɗalibin da aka sa gadi yana ta mutsu-mutsu, Malama ta kafe shi da ido ta saman tabarau. Sauran sun cusa kai cikin littattafai, kafaɗunsu na rawa. Ita kuwa Auta ta gama abin da ta shirya tun tuni, ta ratsa ta kan agogon rana, ta faɗa agogon yashi, yanzu tana ba da tarihin wani abin cire haƙori, gumi na bin wuyanta.

Mai Famfo ya yi sallama ya shiga. Auta ta tsaya da baki buɗe.

"Baba, me ya faru? Inna lafiya?"

"Lafiyarta lau. Waiwaya ki ga bokitinki."

Ta waiwaya. Ajin ya fashe da dariyar da aka daɗe ana dannewa. Malama, wata 'yar siririyar dattijuwa, ta buga tebur aka yi tsit, ta tambayi baƙon ko shi wane ne. Ya ce uban yarinyar ne, kuma shi ya toshe ramin da asuba. Ta tambayi dalili.

"Ranki ya daɗe, yana yoyo ne."

Malama ta cire tabarau ta goge ido. Ta ce ta ga agogon da ya yi sauri, ta ga wanda ya yi lattin aiki, amma yau ta fara ganin wanda aka yi wa gyara har ya mutu. Duk da haka ita maki take bayarwa a kan abin da ya yi aiki a gabanta. In za a iya buɗe ramin yanzu, Auta ta sake daga farko. In ya lalace, shi ke nan.

Nan take ya zuge jaka ya zaro ƙusa. Auta ta riƙe masa hannu.

"Baba, don Allah. Ka riga ka yi naka."

Ta juye ruwan a wani mazubi, ta ciro allurar ɗankwalinta, ta durƙusa tana ɓanɓarar gam ɗin a hankali kada ta taɓa bakin ramin. Shi kuwa aka ba shi riƙon bokiti, abin da ko yaron shago ba ya so. Gam ɗin ya fita ɗungurungum. Aka mayar da ruwa, ɗigo ya tsaya a gindin bokiti kamar yana shawara, sannan ya faɗa.

Malama ta nuna masa kujerar baya. Ya zauna, ya matse hannuwansa tsakanin gwiwoyi, ruwa na ɗiga a gabansa ba halin tashi. Don ya ɗauke hankalinsa daga sautin sai ya saurari 'yarsa. Da ragowar muryarta ta faɗi yadda alƙalan wasu ƙasashe na da suke auna wa mai ƙara lokacin magana da irin wannan tulu, da yadda masu duban taurari ke raba dare da shi. Da ɗalibin ya tafa, Malama ta dubi agogon hannunta, ta ce na ruwan ya ɗan makara amma ba abin da za a kashe mutum a kai ba. Auta ta ci.

A waje ya karɓi buhun ya ɗaure a bayan babur. Ya yi gyaran murya, ya ce ya lura ɗigar na raguwa in ruwan bokiti ya yi ƙasa, to su mutanen da yaya suka yi da wannan? Auta ta buɗe baki, ba abin da ya fito sai iska. Ta nuna maƙogwaronta.

"To hau mu je," in ji shi. "A ba ki ruwan ɗumi. In muryar ta dawo ina gida."