Mota a Sunan Sharifu

Ranar da aka sauke motar a ƙofar gidansu, har masu shayi sai da suka bar butocinsu a kan wuta suka zo kallo. Ja ce, mai ƙofa biyu, cikinta kamar zai taɓa ƙasa. Abdulnasir ya tada ta sau ɗaya, awakin unguwa suka watse. Matarsa Barira tana tsaye a bakin ƙofa, ba ta yi guɗa ba, domin rumfarta ta kasuwar Assihar aka sayar aka sayo wannan abu.

Rumfar atamfa ce, ita ta kafa ta da guminta tun zuwansu Tamanrasset daga Damagaram. Shi ya yi ta yi mata daɗin baki: motar tsere ce daga Faransa, 'ya'yan masu kuɗi za su yi rububinta, kafin azumi ta buɗe rumfa biyu. Ta san mijinta da son a gani, amma magiya ta ishe ta.

"Baban Rahma, a sunan wa take?"

"Ke ma kin san takardun zamana ba su kai ba. Tsoho Sharifu ya ara mini sunansa, shi ɗan ƙasa ne. Kowa haka yake yi."

"Akwai shaida?"

"Haba Barira! Mutumin da nake bi salla zan nema wa shaida?"

* * *

A faɗi gaskiya, Abdulnasir bai tsallake doka ko ɗaya ba, ban da waccan ta farko, ta aron suna. Motar ba ta kai shekara uku da ƙerawa ba, yadda aka shar'anta. An biya dowan, wato kuɗin kwastan, an gwada hayaƙi da birki, an duba lambar jikinta. Kowane ofis shi yake tallabo tsohon ya kai shi, ya riƙe masa sanda ya sa hannu. Daga nan ya dinga cika baki cewa duk garin babu mota mai tsabtar takardu irin tasa.

Da maganar sayarwa ta taso, sai ga wata ƙa'ida da bai tambaya ba: ba a sayar da irinta da wuri bayan shigo da ita sai an ƙara biyan dowan. Ko a jikinsa. Kullum la'asar yana kan hanyar In Amguel yana wuce manyan motoci, samari na yi masa tafi. Azumi ya zo ya wuce, Barira ta daina tambaya.

* * *

Tsoho Sharifu ya rasu cikin sanyi. Bayan sadakar arba'in, babban ɗansa Hasan ya yi sallama, ya zauna, ya sha shayi cikin ladabi.

"Za a raba gado. Na zo karɓar makullin motar baba."

"Ai tawa ce! Suna kawai ya ara mini."

"Bai faɗa mana ba, Allah ya ji ƙansa. Sunansa ne a ko'ina. An ce ma kai kake kai shi yana sa hannu."

Abdulnasir ya zaga 'yan'uwansa 'yan kasuwa neman mai tsaya masa. Duk wanda ya tunkara sai ya sunkuyar da kai, don shi ma shagonsa ko gidansa a sunan wani yake. Zuwa wurin jandarma kuwa kai ƙarar kansa ne. Barira ce ta ciro makullin daga aljihun rigarsa ta miƙa, ranta na ƙuna, idonta a bushe.

* * *

Yanzu a ƙasa take shimfiɗa kaya, bakin ƙofar kasuwa, 'yan kallabi da turare na sari. Wani lokaci yakan zo ya tsuguna gefenta. Jiya suna zaune suka jiyo kukan injin motar daga nesa, Hasan na tuƙa ta. Ya karkata kai yana saurare har ƙarar ta ɓace.

"Yaron nan zai kashe ta," in ji shi. "Bai san hannunta ba."

Barira ta ce ya ɗan matsa, ya tare wa masu saye hanya.