Laimar Tsoho Tsuneo

Da gwamnati ta tura Ango Yero, malamin gona na Bagudo, ƙasar Japan koyon noman shinkafa, shekara uku bayan samun 'yanci, mahaifiyarsa Goggo Hamsatu ba ta damu da jirgi ko teku ba. Abu ɗaya ta sa ya yi mata alkawari: kada ya rusuna wa kowa sai Allah.

A can aka haɗa shi da wani tsohon manomi, Tsuneo, mutum mai rowar magana da yawan kirki. Bayan girbi tsohon ya ce za su kai damin farko wurin bautar kakanninsu na Shinto, wanda ya daɗe a gindin dutse. Ango kuwa ya riga ya ji yadda ake yi: a rusuna sau biyu, a tafa, a sake rusunawa. In ya yi, ya ci amanar Goggo. In ya ƙi, ya kunyata mutumin da ya ciyar da shi a gaban 'yan ƙauyensu.

Suka wuce wata jar ƙofar katako wadda ba ta da katanga, Ango yana mamakin me take tsarewa. Aka wanke hannu da baki da ludayin gora. Wannan bai dame shi ba, ya ma kusa zarcewa da alwala. Amma da suka doshi matakalar ɗakin, sai ya ja ya tsaya.

Sai Tsuneo ya karɓe damin daga hannun Ango, ya buɗe laimarsa, ya danƙa masa, ya nuna masa ya riƙe a kan shi tsohon. Ko alamar hadari babu. Tsoho ya yi ta rusunawarsa, Ango yana tsaye ƙyam a bayansa, kowa na ganin baƙo mai ladabi yana yi wa dattijo inuwa. Da suka fito, Tsuneo ya shimfiɗa rigarsa a gindin wata bishiya, ya nuna rana, ya nuna yamma, inda alƙibla take a ƙasarsu. Ashe duk watannin nan yana lura da lokacin sallarsa. Ango ya yi azahar idonsa cike da ƙwalla.

Da ya dawo Bagudo, Goggo ta saurari labarin tana tsince shinkafa a faifai.

“Mi sunanai?” ta tambaya.

Ya faɗa, ta gwada, harshenta ya ƙi. Daga ranar har ta rasu, in ta idar da sallah takan roƙa wa “mai laima” alheri.