Makin da Dontrell Ya Ajiye

Makon da Dontrell Guidry ya shiga jami'a a jihar Luwiziyana ta Amurka, tun kafin a ba shi hular kwano, aka jera sababbin 'yan ƙwallo, irin ƙwallon Amurka da ake karo da juna, a ƙofar ɗakin kwamfuta. Gwajin ƙwaƙwalwa za a yi musu: a nuna maka kalmomi da zane-zane, a ɓoye, a ce ka tuno. Makin da ka ci shi ake ajiyewa. Duk ranar da aka buge ka a ka, sai a sake gwada ka, in ka kasa kamo makinka na farko to benci ne wurinka har sai likita ya yarda.

Boykin, wani ƙato ɗan ajin ƙarshe, ya zo wucewa yana gwaguyar cinyar kaza, ya ja shi gefe.

"Kai ɗan ƙauye, an ce kana da kai. To ka bar shi a nan waje."

"Kamar yaya?"

"Ka zama daƙiƙi mana! Ka riƙa nawa wajen amsa, ka kuskure da gangan. Ran da aka rangaɗa maka, ko sunan babarka ka manta sai ka ci. Ko ɗumama benci ka zo yi?"

Ba ɗumama benci ya kawo Dontrell ba. Ya shiga ya zuba wauta son ransa, har yana danne dariya.

Dabarar kuwa ta yi aiki. Aikinsa a fili shi ne tare mai gudu da ƙwallo, shi kuma da ka yake tarewa. A shekararsa ta biyu aka kwashe shi daga fili bai san garin da yake ba, mako bai zagayo ba ya ci gwaji ya koma. Haka aka yi a ta uku. 'Yan kallo suka sa masa suna Guduma. Da ya zama babba, shi ma ya riƙa jan sababbi gefe.

Wata ƙungiyar ƙwararru ta ɗauke shi can a ƙarshen zaɓen sababbin 'yan wasa. Nan ma gwaji, nan ma wauta. Kakar wasa ɗaya da rabi ya yi, yawanci cikin waɗanda ke rugawa da gudu bayan bugun farko, inda karo ya fi muni. Gwiwa ce ta kore shi, ba kai ba. Ya koma garinsu ya kama sayar da motoci.

Matarsa Sharonda ce ta fara lura. Yau ya bar tukunya a kan wuta, gobe ya yi mata tambayar da ta riga ta amsa. Ranar da ya je ɗauko 'yarsu Imani ya tsaya jira a ƙofar wata makaranta daban, ta ce, "Baban Imani, gobe asibiti. Kar ma ka buɗe baki."

A asibitin, likita ya aika jami'a aka turo masa tsohon sakamako. Dontrell ya zauna gaban kwamfuta, wannan karon da gaske. Ya zura ido, ya riƙa maimaita kalmomin a ransa, gumi na bin bayansa. Wasu ya kama, wasu suka sulale. Tsoro ya kama shi sosai.

Likita ya shigo fuska a sake. "Albishirinka, Malam Guidry. Ba abin da ya canza. Makinka na yau daidai yake da na lokacin da ka shiga jami'a. Gajiya ce kawai, ka riƙa samun barci."

Sharonda ta sauke ajiyar zuciya, ta dafa kafaɗarsa tana dariya, idonta da ƙwalla. "Ka ji ko? Ashe dama can haka kake, ni ce ban lura ba na aure ka!"

Dontrell ya taya ta dariya. Shi kaɗai ya san wancan makin na wasa ne, wannan kuwa iya ƙarfinsa ke nan.

Da suka fito wurin ajiye motoci, ya miƙa mata makulli ya ce ita ta tuƙa.