Dariyar Ɗan Gawayi

Ranar da aka cire wa Ɗan Gawayi murya, Iya Mai Guga ba ta hura wuta ba. Kayan mutane na jibge a kan tebur, ita kuwa tana bakin gado da waya a hannu, tana dangwalar fuskar wayar kamar mai tashin wanda ya suma.

Ɗan Gawayi dodo ne, amma ba na ban tsoro ba. Yana cikin wani wasan waya da autanta ya ƙirƙira shi da abokinsa Dogo, wasan da mutum ke bin lunguna yana kama dodanni, yana tarawa, yana kiwonsu. Auta ne mai zane, Dogo ke haɗa abin a kwamfuta. Shekara uku suka yi suna fama a ɗakin nan nata, a kan teburin gugarta in ta tashi, kuma duk abin da idon Auta ya faɗa a kai sai ya zama dodo. Kwaɗon ƙofa ya yi haƙora. Tsohuwar lema ta yi fiffike. Bokitin da ke yoyo ya zama wani mai hawaye ba dare ba rana. Dutsen gugarta kuwa, ƙafafu huɗu ya yi masa da jajayen idanu, ya raɗa masa Ɗan Gawayi. Da yake ba su da halin ɗaukar masu murya, da bakinsu suka yi kukan dodannin. Na Ɗan Gawayi dariya ce, dariyar Auta, wadda ke farawa ta hanci ta ƙare da shaƙewa.

A lokacin shirme take kiran abin. Ta sha faɗa wa Auta cewa sa'anninsa na fita aiki da takalmi a goge, shi yana nan ƙato da gemu yana yi wa bokiti ido. Shi kuwa sai ya ce ta bi a hankali, kada ita ma ya zana ta.

Wasan bai fi wata biyar da fita ba Auta ya kwanta rashin lafiya. Sati biyu ya yi, ya tafi. Bai ga lokacin da mutane suka yi ca a kan wasan ba, bai ga ranar da Dogo ya kama ofis ba. Amma kafin ya kwanta ya sa mata wasan a wayarta, ya kamo mata Ɗan Gawayi da hannunsa, ya riƙe yatsarta ya nuna mata: nan, sai nan, sai ki taɓa cikinsa. Ba ta san ko baƙi ɗaya ba, wuri ta haddace. Shekara biyu ke nan kowace safiya, kafin ta taɓa gawayi, sai ta taɓa cikin dodon ɗanta ya yi mata dariya.

Sai wajen cajin wayar ya lalace. Mai gyaran waya na bakin titi ya gyara, kuma don neman a ce yana da kirki ya sabunta mata duk abin da ke ciki, ba wanda ya aike shi. Da safe ta taɓa nan, ta taɓa nan, sai ga wani Ɗan Gawayi mai sheƙi kamar an shafe shi da mai. Ta taɓa cikinsa, ya yi gurnani irin na babur. Ta koma wa mai gyara ta wanke shi tas a gaban abokan cinikinsa. Ya rantse ba shi ba ne, masu wasan ne suka canja, kuma abin da aka sabunta ba ya komawa baya.

Ofishin Dogo yana hawa na uku, matakalar ta kusa cire mata gwiwa. A ciki matasa ne kusan goma, kowa da abu toshe a kunne, bango kuwa an cika shi da hotunan dodannin Auta, an yi musu kwalliya har ba ta gane bokitinta ba sai da ƙyar. Yarinyar da ke bakin ƙofa ta tambaya cikin ladabi ko an san da zuwanta. Iya ta ce ta je ta gaya wa Dogo matar da ta shekara uku tana goge masa wando ɗaya tilo ce ta zo, ta ga ko zai ce bai san da ita ba.

Dogo ya fito da sauri, ya yi tumbi, ya rusuna har ƙasa. Ba ta amsa gaisuwar ba. Wayar ta miƙa masa.

"Ina dariyar ɗana?"

Ya ja ta ɗakinsa, ya ba ta kujera, ya shiga bayani. Wai masu wasa sun yi yawa yanzu, har daga ƙasashen da bai taɓa zuwa ba. Wai tsoffin muryoyin ba su da tsabta, an ɗauki gwani ya sake su duka. Ya juyo mata da kwamfuta ya nuna wani layi, ya ce ga sunan Auta nan a farkon wasan, kuma muddin yana raye ba mai goge shi.

"Rubutu na masu karatu ne, Dogo. Ni kunne gare ni."

Ta ci gaba, ba ta rage murya ba, har na waje suka fara zare abin kunnensu. Ta ce yaro ya mutu ya bar abu ɗaya da ke motsi, sun tsince shi sun yar kamar tsumma. Ta ce da Dogo ne a cikin ƙasa Auta a kan kujerar nan, da ko tarinsa ba za a taɓa ba. Ta ce ba roƙo ta zo ba, kuma ba ta son komai nasu, dariyar za a mayar inda aka ɗauke ta.

Dogo ya sunkuyar da kai. Ya ce na sauran dodannin tun bara aka canja, na Ɗan Gawayi ne ya hana a taɓa, shekara guda yana ja da abokan aikinsa a kai. Ta tambaye shi to me ya karya masa gwiwa. Ya ce ta bar maganar. Ta tuɓe takalmanta ta ajiye a gefe, ta gyara zama, ta ce kayan mutane sa jira, yau a nan za ta wuni.

Da ya ga ba sarki sai Allah, ya kai ta wani ɗan ɗaki da aka lulluɓe bangonsa da soso, inda mai haɗa sauti ke aiki tsakanin manyan sifiku biyu. Ya ce a kunna tsohuwar dariyar.

Dariyar ta cika ɗakin, har sai da Iya ta dafa bango. Ga hancin, ga shaƙewar, kamar Auta yana tsaye a bayanta. Amma a ƙarƙashin dariyar akwai wani abu da 'yar wayarta ba ta taɓa fitarwa sosai ba: bugu uku a jikin katako, da muryar mace, a dushe amma ana jin kowace kalma.

"Fito min daga cikin kayan mutane, marar aikin yi."

Ta gane ranar. A cikin kabad ɗinta suke ɗaukar murya, don Auta ya ce tufafi na shanye amsa-kuwwa. Sai ya shige tsakanin rigunan da ta goge ya ja ƙofa, Dogo na waje da kwamfuta. Ran nan ta dawo ta tarar da gefen farar rigar wani malamin makaranta ya leƙo ta ƙasan ƙofar a yamutse, ta hau dukan kabad ɗin.

Dogo ya ce ai gurnani aka shirya Ɗan Gawayi zai yi, bugun nata ne ya sa Auta ya fashe da dariya. Daga baya Auta ya sake shiga ya gwada ya fi sau goma, ba wadda ta fito kamar wannan, sai ya ce a bar ta haka, ba mai ji. Da masu wasa suka yawaita, masu sa abin kunne suka ji. Wasu suka yi ta rubuto cewa wasan na da matsala, wasu suka mai da maganar abin tsokana, suna yanka ta suna yaɗawa. Mai haɗa sauti ya sa baki, ya ce ya yi iya yinsa ya raba su, amma muryoyin biyu sun kitsu da juna, in ya cire tata sai ta tafi da rabin dariyar.

"Ban so ki ji ba, Iya," in ji Dogo. "Kuma ban so ana wasa da muryarki a gari."

Matar da ba a taɓa rufe wa baki ba a layinsu, ga ta tana kallon soson bango. Shekara biyu tana zaton ita yake yi wa dariya don ta ji daɗi, ashe zaginsa take yi a ciki, kowace safiya, da yatsarta take kunnawa.

Da ta buɗe baki, muryar ta sauka amma ba ta yi laushi ba.

"Ni na faɗa, ban musa ba. Shi kuma ya ji, ya ce a bar ta. Wa ya fi shi iko da dariyarsa? Ku mayar, har da zagin."

Dogo ya ce yanzu ba shi kaɗai ke yanke magana ba, akwai waɗanda suka shigo da ƙarfinsu wasan ya kai inda ya kai, amma zai kai musu, zai duba. Ta san wannan zan duba ɗin. Irinsa masu kaya ke yi mata in sun ce gobe za su zo karɓa, riga ta shekara a rataye.

Ya buɗe durowa ya ɗauko wata tsohuwar waya mai tsagaggiyar fuska, an ɗaure bayanta da salatif. Wadda Auta ke gwada wasan da ita ce, tsohon wasan na ciki yadda ya bar shi. Ya gargaɗe ta kada ta yarda kowa ya haɗa ta da intanet, ko na minti ɗaya, in ba haka ba ita ma za ta sabunta kanta. Iya ta karɓa ta ƙulle a bakin mayafi. Ba ta yi godiya ba. Ta ce wannan dama nata ne, na cikin wayoyin mutane take bi, kuma duk ranar Litinin zai gan ta a kujerar nan har sai an mayar, ko gwiwar ta ƙi hawa benen. Ta sa takalmanta ta fita. Matasan suka miƙe tsaye, ba ta dubi kowa ba.

Washegari da safe ta zauna bakin gado ta kunce wayar. Nan, sai nan, sai cikinsa. Tsohon Ɗan Gawayi ya girgiza gajerun ƙafafunsa ya yi dariya, siririya, yadda ta saba ji. Sai dai yanzu kunnenta ya san wurin. Ga bugun uku, ga ta nan a ƙasa tana kiransa marar aikin yi. Ta sake taɓawa ko za ta ji dariyar ita kaɗai kamar da. Ba ta ji ba.

Ta tashi ta buɗe kabad, ta tura rigunan mutane gefe, ta kwantar da wayar a kan wani ninkakken zanen gado. Ta tsaya riƙe da ƙofar.

"Yi zamanka, Auta. Yamutsa abinka, na sake gogewa."

Ta ja ƙofar a hankali, ta fita hura wuta.