Mai Keke Ba Birki

Safara'u ta fara jin waƙar ne a kasuwar Maradun, tana tsugune tana auna wa wata mata ƙuli. Wayar mai rake ce ta ɗauka:

"Mai keke ba birki, ya gaida surukai da ƙeya!"

Mudun ya suɓuce mata. Innalillahi! Waƙarta ce, wadda take yi a bakin turmi tun tana amarya a garin Kaya.

Aikin Mufida ne, ba wani ba. 'Yar tata tana Kaduna wurin masu zana fim ɗin yara, ta kwashi waƙar dakan uwarta ta sa a bakin wani kwaɗo mai jar hula da ke tuƙa keke. Kafin wata biyu abin ya cika gari. 'Yan makaranta na yi, 'yan acaɓa na yi, a Bakura an ce amarya ta ƙi shiga mota sai da aka sa mata. Wani mai shayi a Talata Mafara ma ya rubuta Ba Birki a jikin teburinsa.

Duk ba wannan ya dami Safara'u ba. Mai keken nan mijinta ne, Malam Jibo, wanda ranar da ya zo gaisuwar iyayenta ya kasa tsayar da keken, ya wuce zaure ya zube rigingine gaban babanta. Yau kuwa dattijo ne mai sasanta rigimar gona, ba a dariya yana magana. Shekara talatin da ɗaya tana yin waƙar sai ya fita. In ya gane, ina za ta sa kanta?

Ta kira Mufida. "Ke ɗiyag ga, kashe min aure za ki yi da tsufana?"

"Haba Inna, wa zai sani? Kwaɗo ne fa."

"Kwaɗo da jar hula? Hular ubanki ce!"

Mufida ta yi ta dariya har katin ya ƙare.

Ran Juma'a bayan la'asar Malam ya dawo, jikoki suka biyo shi tsakar gida suna rerawa da tafi. Safara'u ta zabura da muciya za ta kore su, ya ɗaga hannu.

"Ƙyale su. Ke zo nan."

Ta zo. Ya gyara zama a kan tabarma, fuskar nan ba wasa.

"Waƙag ga an ɓata ta," ya ce. "An yanke mata gindi."

"Wace waƙa, Malam?"

"Kar ki raina min wayo. Kina tsammanin in na fita nisa nike yi? Bayan katanga nike tsayawa, wurin ɗaure jaki. Ina baitin ƙarshe, inda kike cewa ko ya faɗi sau goma shi kike so?"

Safara'u ta ja mayafi ta rufe fuska. Wannan baitin ko Mufida ba ta taɓa ji ba, a hankali take yinsa, in taɓarya ta sauka.

"Kira ta," in ji Malam, ya miƙo wayarsa. "A ƙara shi. Duniya ta ji faɗuwata, to ta ji abin da na samu."