Ukun da Suka Yi Saura

Inna Hajo ba ta taɓa shiga aji ba, amma buhun nan nata na ƙwallayen dabino ta san halinsa kamar ita ta haife shi. Dubu huɗu da ɗari huɗu da arba'in da huɗu ne cif, adadin Salatin Nariya da ake ja in abu ya yi tsanani. To ga shi ya yi. An tsare autanta Yusha'u da motarsa a hayin iyaka, ɓangaren Nijar, kan wasu kaya da ya rantse ba nashi ba ne. Malamin unguwa ya ce a ja salatin a zama ɗaya, kada a rage, kada a ƙara.

Ta tara mata goma, ita ce ta sha ɗaya, kuma da gangan. Adadin nan cika ne, ba mara ba, amma yana da tsirfa. A raba shi uku, ɗaya ya yi saura. A raba bakwai, shida su tsaya cirko-cirko. Goma ma sai ya bar huɗu. Sha ɗaya kuwa lafiya lau, kowa ɗari huɗu da huɗu.

Aka yi ta zagayawa da rabo a kan tabarma har tulin kowa ya zo daidai. Sai ga uku kwance a gindin buhu.

Inna ta ƙura musu ido. A saninta ɗan Adam ba ya ƙari, sai ragi. In uku sun yi saura, takwas aka ɗebe ke nan, ko sha tara, ko talatin. Wa zai so addu'ar ta tafi da giɓi? Idonta ya sauka kan maƙwabciyarta Barira, wadda ɗanta ke bayan Yusha'u a layin lodi a tashar Magama.

"Barira, jiya wa ya ɗauko buhun ga daga rumbu?"

"Ni ce, Inna. Ke kika sa ni."

"Hala ya yi miki nauyi kika rage mishi kaya?"

Barira ta tafa hannu. "Ƙwallon dabino zan sata? In yi miya da shi?" Ta figi mayafinta ta fice.

Can sai Rukayya, matar Yusha'un, ta ce a hankali, kanta a ƙasa, "Inna, ni na zuba uku. Na dabinon da ya kawo mini ne daga Maraɗi a tafiyarsa ta ƙarshe. Na ce ko nashi su shiga cikin addu'ar."

Inna ta tsame ukun ta danƙa mata. "Ƙulle su a bakin zanenki, ɗiyar nan. Malam bai ce da gyara ba."

Saura tulin Barira, ga shi ba mai ja, ga rana tana yi. Inna ta dafa bango ta miƙe, ta ɗauki goro biyu ta nufi gidan maƙwabta tana ɗingishi. Abin da ta faɗa a can ba wanda ya ji. An dai ga sun dawo tare, Barira na cin goro tana hura hanci.

"Nan za ki zauna," in ji Inna, ta nuna gefenta na dama, daf da gwiwarta.

Aka yi bisimilla aka fara. Inna na jan nata, tana ƙirga motsin leɓen Barira.