Jitar da Ta Ƙi Zama

Ayuba ya murɗa kunnen jitar, ya taɓa tsirkiya, ya kasa kunne. Ta zauna daidai. Ba su kai rabin waƙar ba sai ga ta ta sauka, tana kuka kamar akuyar da aka raba da ɗanta.

"Kai jama'a!" in ji Nagode, direban gireda, wanda shi ne shugaban 'yan kiɗan ma'aikatan dam ɗin Bakolori. Ya ajiye sandunan ganga. "Ayuba, gobe Asabar a kulob ɗin kamfani za mu yi wasa. In ta sake yi muna wanga kuka gaban mutane, akwai wani yaro a sashen walda da ya daɗe yana roƙona. Ka ji na gaya maka."

Ayuba ya dubi jitar da ke hannunsa. Kiɗan nan shi ne ransa. A gareji shi bakanike ne kamar kowa, baƙin mai har gwiwar hannu, amma in ya rataya jar jitar nan aka jona ta da sifika, har Turawan kamfani sukan ajiye kofi su juyo.

Kuma ba za a ce bai yi ƙoƙari ba. Ya sa an sayo masa sababbin tsirkiyu daga Gusau. Ya ɗaure kusoshin kunnuwan har sukudireba ta ci masa tafi. Ya hau mota ya kai ta Bakura wurin wani mai gyaran rediyo, wanda ya buɗe cikinta, ya hura, ya rufe, ya ce laifin janareta ne. To, ina ruwan janareta da sakin tsirkiya? Abin haushin ma, lafiya lau take lokacin da wani mutumin Gana ya bar masa ita.

Washegari ya roƙi foman ya sallame shi tun kafin azahar, ya nufi gidan da yake haya a Talata Mafara. Ya shiga ɗaki, ya tarar da ƙusa a bango, babu jita.

"Taibatu! Ina jitata?"

Matarsa ta ci gaba da tankaɗe, ba ta ɗago ba. Da haɓa ta nuna masa bayan ɗaki.

Can ya sami jitar, kwance a kan wani tsohon fallen kwano, tsakiyar rana tsaka, tana sheƙi. Mahaifinsa Bawa na tsugune a gefenta da malafa a ka, yana juya ta a hankali kamar mai shanyar kifi.

Wannan fa shi ne tsohon da ko kallonta ba ya yi. A ƙauyensu na ƙasar Maradun, Bawa ne makaɗin garayar mafarauta. Da ruwan dam ya cinye gonaki da gidaje, ya ba da garayarsa kyauta, ya dawo wurin ɗansa, ya shiga ɗaki ya zauna. Magana ma sai da dalili. In aka ambaci jitar, sai ya tsartar da yawu ya ce shi bai san abin kiɗan da sai an shayar da shi wuta ba.

"Baba, sannu da rana. Mi kake yi haka?"

Tsohon ya zabura, kunya ta kama shi kamar an kama yaro da hannu cikin tukunya. Sai ya murtuke fuska.

"Mi nake yi? Aikin da ba ka yi! Kai wane irin makaɗi ne? Kullum ka rataye ta cikin sanyin ɗaki, ka ɗauka ka tafi gaban mutane ba ka gasa ta ba. Ni ban taɓa buga garaya ba sai fata ta sha rana. Ina jin ka kana ƙorafi ta saki, ta saki. Shi ya sa na ƙara mata lokaci." Ya shafa jan fentin, ya girgiza kai. "Amma abar ga ba ta da fata. Na rasa ta inda take shan ranar."

Ayuba ya taɓa wuyan jitar, ya janye hannu da sauri. Wuta! Ashe kullum itacen sai ya gasu ya miƙe, da yamma kuma ya yi ta hucewa a hannunsa yana jan tsirkiyu yadda ya ga dama. Dariya ta taso masa, haushi ya biyo ta, tausayi kuma ya zo ya danne su duka.

Taibatu ta matso bayansa, ta yi ƙasa da murya. "Na sani tun tuni. To wa zan faɗa wa? Ita kaɗai ke fid da shi daga ɗaki."

Ayuba ya naɗe hannu da gefen riga, ya ɗauki jitar ya kai ta inuwar darbejiya. Ya shimfiɗa tabarma.

"Baba, ka yi gaskiya, tana son ɗumi. Amma irin ta lantarki ba da rana ake gasa ta ba. A cinya ake ɗora ta cikin inuwa, a yi ta taɓawa."

Bawa ya harare shi. "Shi ne ba ka faɗi ba tun farko?"

Da ta huce, Ayuba ya zauna ya daidaita ta tsirkiya bayan tsirkiya, ya jira, ya sake gwadawa. Ta zauna daram, ba ta motsa ba. Ya sauke ajiyar zuciya, ya miƙa wa tsohon, ya shiga wanka.

Yana cikin sa rigar wasa bayan la'asar ya ji abin da ya tsayar da shi. Ya leƙo. Bawa ya kama kunnuwan nan yana murɗawa son ransa, ya sassauta tsirkiyu huɗu har suna lilo, ya bar biyu, ya mai da su muryar garaya. Aikin yinin nan duk ya tafi. Sai tsohon ya fara kaɗawa da farcen babban yatsa. Ba sifika, sautin siriri ne ƙwarai, amma Ayuba ya gane taken da ake yi wa mafarautan garinsu in sun dawo daga daji. Murya ta biyo baya, a dushe, tana kiran sunayen fadamu da tsamiyoyin da yanzu kifi ke yawo a kansu. Taibatu ta tsaya da rariya a hannu, hawaye na zuba.

A ƙofar gida motar kamfani ta danna ham. Ayuba ya fita.

"Ina jitar?" in ji Nagode daga gaban mota. "Ka gano ciwon?"

"Na gano."

"To ɗauko mana, mun makara! Yaron walda na can da tashi jitar, ka sani."

Ayuba ya waiwaya. Daga cikin gida muryar ta ƙara ɗagawa, ta shiga wani baitin.

"Ku tafi," ya ce. "Tsoho bai ƙare ba."